Tsuntsun Doña Candelaria

Surukata Doña Candelaria Sicay tun tana yarinya take ɗaure da igiyar saƙa a ƙugu, a ƙauyenmu na bakin tafkin Atitlán. Tsuntsayen da take zubawa a ƙirjin riga kowa ya san su. Idonta na hagu ya mutu tuntuni, na daman da ya rage kuma yanar ido ta rufe shi.

Da likitocin kyauta suka zo, suka cire yanar, suka dasa mata ɗan gilashi a cikin idon. Aka kwance bandeji, likita ya tambaye ta yaya take gani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, Allah ya saka." A wajenmu ba a kushe kyauta a gaban mai ita, balle likita. Ashe gilashin ba awon idonta ba ne, dishi-dishi take gani. Ta ja bakinta ta ci gaba da saƙa da lalube. Rigar da ta saƙa mini a lokacin, tsuntsun wuyansa a karkace, ƙafa ɗaya ja ɗaya kore. Na sa abata, don wa ya isa ya gyara mata saƙa?

Asiri ya tonu ranar da ta dafa kaskon gasa wainar masara da tafin hannu, tana zaton faifai ne. Muka kai ta asibiti a birnin Xela. Likita ya ce ko tabarau ba zai gyara ba, sai an ciro gilashin a sa wani. Gilashin kuma ya riga ya manne, wajen ciro shi idon na iya tafiya gaba ɗaya. Na juya wajenta.

"Haba Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Ji ta, baki kamar rediyo! Mutum ya yi maka alheri ka ce bai yi ba?"

Da aka shiga da ita tiyata na kasa zama. Ido ɗaya fa! In ya tafi, saƙa ta tafi, ita ma na san ba za ta daɗe ba.

Washegari likita ya kwance bandejin ya ce, "Doña, don Allah gaskiya nake so. Yaya kike gani?"

In ta sake cewa lafiya lau, ta yaya za mu gane? Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ko kallon likitan ba ta yi ba. Can sai ta damƙi ƙirjin rigata ta jawo ni kusa.

"Ke, wace sakarya ce ta saƙa wannan tsuntsun?"

"Ke ce, Inna," na ce, kuka ya ƙwace mini.

"Kuma kika shiga gari da shi? Muna isa gida ki tuɓe mini ita in warware."