Safiyar da Ban Rubuta Ba

Shekarar da 'yata take kammala karatun injiniya, ta roƙe ni in riƙa rubuta mata lokutan da ƙwan ɗakinmu yake dushewa, tunda na yi ajin yaƙi da jahilci. Ta ce lissafi biyu take son haɗawa a kwamfuta. Ɗaya yana bin wutar Tarauni awa-awa, ɗayan yana kama abin da ya faru a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi cikin ƙiftawar ido.

Hankalina bai kwanta ba. Kullum da safe ƙwan yana dushewa idan maƙwabciyata ta kunna injin markaɗenta, wanda ta jona ta bayan mita, kuma da shi take ci da 'ya'yanta. Sai na riƙa tsallake safiya.

Rannan 'yata ta ce, "Inna, lissafina ya nuna ana jan wuta da safe, littafinki kuwa shiru."

Na ce, "Wa zai karanta aikin nan?"

"Malamaina kawai."

"Su ba su da abokai a ofishin wuta?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Har ta miƙa aikin ban cike mata wurin ba.