Yaya Asabe da Haƙorin da Ya Fito a Kwance

Duk wanda ya san yayata Asabe a cikinku ya san ba ta sayen abu sai ta gwada shi da haƙori. Dawa, gyaɗa, wake, sai ta cije tukuna. Wata rana a kasuwar Funtua ta ciji ƙwayar dawa, ta dubi mai hatsin ta ce, "Malam, wannan dawar alwala ta yi?" Ya rantse busasshiya ce. Ta ce, "Ci gaba da rantsuwa, ƙila ta bushe."

To, shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, tana wajen shekara talatin, sai wani haƙori ya taso mata can ƙarshen muƙamuƙi, bayan turame. Dasashi ya yi ja, kumatun hagu ya kumbura kamar ta ɓoye goruba a ciki, ciwon har kunne. Amma ki ce mata sannu, ki ga tashin hankali! Ɗankwali ta samu ta ɗaure tun daga haɓa har ka.

Na ce, "Yaya, wannan ɗaurin fa?"

"Sabon yayi ne daga Kaduna. Ke me kika sani, 'yar ƙauyen Gozaki?"

Kamar ba ɗaki ɗaya aka haife mu ba!

Maƙwabciyarta a kasuwa, Mama Bisi mai atamfa, ta kawo mata kanumfari da gishiri. Ta ce, "Asabe, don Allah ki kurkure. Bakinki ya fara korar mini masu saye." Yaya ta karɓa, ta yi godiya, ta zuba kanumfarin a kunu. Wai ba a yi abin ƙamshi don a tofar ba.

Kafin sati ya zagayo bakin ya ƙi buɗuwa. Ko yatsa biyu ba sa shiga. Zazzaɓi ya rufe ta, tuwo ya gagara, sai koko da ƙaramin cokali. Mijinta ya kira wanzami. Wanzami ya ce, "Buɗe baki." Ta cikin haƙora ta amsa, "In da yana buɗuwa, da ka ji abin da zan faɗa maka." Bawan Allah ya tattara zabirarsa.

Ranar da kumburin ya gangaro wuya, na daina dariya. Na ce ko ta bi ni asibitin Zariya, ko in zauna a ƙofar gidanta in yi ta kuka har unguwa ta taru. Ta san zan iya. Muka hau jirgin ƙasa, tana gaya wa fasinjoji wai ni ta rako.

Likita ya ɗauki hoton muƙamuƙin, ya nuna mana. Ga haƙori a kwance cikin ƙashi, ya tokare na kusa da shi, abinci na maƙalewa ƙarƙashin dasashi har wurin ya yi mugunya. Ya ce, "Wuri ne bai samu ba, shi ya sa ya kasa miƙewa. Bakinki ya yi masa kaɗan."

Yaya ta zaro ido. "Bakina? Ya yi kaɗan? Likita, rubuta mini a takarda in kai wa mijina!"

Kwana huɗu ana yi mata allura, kumburi ya saɓe, sannan aka fasa dasashin aka ciro haƙorin.

A jirgin komawa ne, mun bar Zariya kaɗan, ta kwantar da kai a kafaɗata, bakinta cike da auduga. A hankali ta ce, "Hajo, na ji tsoro fa. Na ɗauka ba zan ƙara ganin yarana ba." Kafin in amsa ta mintsine ni. "In kika gaya wa wani, ni da ke ne."

Ban taɓa faɗa ba sai yau. Yaya, ki yafe mini. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa mu a Aljanna.