Katunan Malam Wen

Malam Wen Ruilin, yayan marigayi mijina, ya koyar a firamaren Meinong har ya yi ritaya. Daga nan ya kama yawon maƙabarta. Yakan durƙusa gaban dutsen kabari, ya goge gansakuka da tsohon buroshi, ya kwafi harafin a kati, ya rubuta sunan mai kabarin a baya. Ya ce harafi ɗaya yakan zo da siffa ashirin, kuma masu haɗa ƙamus a Taipei ba su ga rabinsu ba.

"Yaya, yanzu matattu kake koyarwa?" na taɓa tsokanarsa.

"Su ke koya mini. Kuma ba sa surutu a aji."

Shekara goma sha tara yana tarawa. Yawancin kaburburan an tashe su daga baya, an yi gonakin ayaba. Da ganinsa ya fara raguwa, mutanen ƙamus suka rubuto za su zo karɓar katunan bayan sabuwar shekara.

Yana asibiti ana masa aikin ido, surukarsa Guimei, matar ɗansa, ta yi sharar ƙarshen shekara. A al'adarmu, takarda mai rubutu ba a zuba ta a bola. Ni ke bi gida-gida da kwando, in kai murhun rubutu na bakin gada in ƙona. Guimei ta ga haruffan katunan a bauɗe, ta ɗauka kurakuran tsofaffin ɗalibansa ne, ta cusa su a buhu da tsofaffin kalandu, ta ba ni. Ni kuwa ba na leƙa takardun mutane. Na kunna turare, na sunkuya sau uku, na zuba a wuta har ƙarshe.

Da ya dawo, Guimei ta durƙusa tana kuka. Shi kuwa ya juyo wajena.

"Ƙanwata, kin kunna musu turare?"

"Na kunna, Yaya."

"To, madalla. Tashi, 'yata, ƙasa akwai sanyi."

Kwana goma yana rubuta abin da ya tuna, ya samu harafi arba'in da uku. Matar da ta zo daga Taipei ta karɓa da hannu biyu, ta tambayi kabarin da kowanne ya fito, don ba a shigar da harafi sai an san asalinsa. Huɗu kawai ya iya faɗa.

Da huɗun ta tafi. Bai ƙara hawa maƙabarta ba har ranar da muka kai shi.