Matar da Ta Wanke Tsintsiyata

Kowa yanzu yabonta yake don za ta ajiye aiki. To, ni na riga kowa gane ko ita wace ce! Ni ke share ofishin nan tun yana ɗaki biyu. Shugabanni sun zo sun wuce, ina nan daram.

Ma'aikata suna kiranta Koma-ka-gyara. Da safe za ta ajiye jaka, ta goge tabarau, ta hau duba abin da matasa suka rubuta, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta fahimci na'urar da aka jona mata. Direba suke ce masa. Ni ko bihim ban sani ba, amma ina da kunne. Layi ya karkace, ta ce a daidaita. An ba abu sunan da bai nuna aikinsa ba, ta ce a sake. Tambayarta kullum ita ce: "In na'urar ta ƙi amsawa fa? Ina ka rubuta abin da za a yi?"

Wata rana tsintsiyata ta fizgo wayar wata sabuwar na'ura ana tsakar gwada ta gaban masu saye. Kwamfuta ta sandare. Manaja ya ce, "Baba, ajiye makullanmu, ka gama!" Ga iyali a wuyana.

Sai Koma-ka-gyara ta miƙe. "Ranka ya daɗe, in ka kori Baba, za ka bi masu saye gida-gida ka hana su shara? Sau biyu na mayar da rubutun wannan na'ura a gyara, aka tsallake ni saboda sauri. Waya za ta fita, ko yau ko gobe. Aikinmu ne mu sa kwamfuta ta sanar cewa waya ta fita, ta saki abin da ta riƙe, ta ci gaba."

Manaja ya yi ta muzurai, amma makullai suna aljihuna har yau.

Ke ce mai tsefe aiki layi-layi, mai tanadin ranar ɓaci tun ana dariya. Na gode, 'yata. Ku matasa, ku yi koyi, ku daina ƙunƙuni in an dawo muku da aiki.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo gobe. Ya zaɓi na'urar da ta bi ta hannunta, ya fizge waya da kansa. In kwamfutar ta sandare, ya aske min gemu a bakin ƙofa!