Auren Ƙafar Habila

Mijin yayata, Habila, ya ɗaura aure ya fi dubu goma, alhali shi ba fasto ba ne, ba kuma limami ba. Mangwaro yake aurarwa. In ka biyo titin da ya taso daga Malali ya nufi Unguwar Rimi, za ka ga lambunsa a gefen hanya: baƙaƙen ledoji jere cike da ƙasa, kowace da ɗan tsironta, da tankin ruwa, da wani benci da ya ga jiya ya ga yau. Shekara talatin da wani abu ke nan da ya baro ƙauyenmu na wajen Malumfashi, wuƙa ɗaya a aljihu, Yaya Kande a bayansa. Ni Ladi, autar gidanmu, a hannunsu na tashi, shi ya sa ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini.

Ga yadda auren yake, ga wanda bai sani ba. Za a shuka ƙwallon mangwaron gida, irin mai zaren nan da ke maƙale wa mutum a haƙori, a bar shi ya yi kaurin fensir. Wannan tsiron ne Habila ke kira ango: ba shi da daɗi, amma yana da saiwa, ba ya tsoron fari. Sai a yanko ɗan reshe daga bishiya mai zaƙi, paparanda ko binta siga, ita ce amarya. A sare kan ango, a tsaga shi, a fere gindin amarya a cusa ta cikin tsagar, a naɗe da leda tam. Daga nan sai kwana ashirin da ɗaya ba mai taɓawa. Ranar da zai kwance ledar, ranar buɗar kai yake ce mata, kuma da gaske har wankakkiyar riga yake sawa.

Dokarsa ɗaya ce: ba a leƙen amarya. In ka ɗaga ledar don ka ga ko ya kama, iska ta shiga, ruwa ya shiga, amarya ta yi baƙi ta mutu. Wani Alhaji Sadiq na Unguwar Rimi ya taɓa kiransa ya aurar masa da tsohuwar bishiyar gidansa. Kwana goma Alhaji ya kasa daurewa, ya kwance ya duba. Da Habila ya zo ya tarar, a gaban maigadi ya tare shi.

"Alhaji, kai da aka kawo maka Hajiya, a cikin mota ka buɗe mata kai?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, aka sake aure.

A ikilisiyarmu ma, inda yake dattijo, wa'azin ke nan. Yaro ya gama makaranta bai sami aiki ba, Habila ya ce, "Allah ya naɗe abinka da leda, kada ka leƙa." Ni kaina na sha wannan maganar shekara bakwai ina jiran haihuwa, kuma gaskiya akwai ranar da na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Mai jira ba ya son a yi masa misali da mangwaro. Yanzu ’ya’yana uku, har gobe bai bar ni na huta da "ban gaya miki ba?"

Shekara biyu da suka wuce, ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwan ya ci tsatsa ya karye, ya zabge masa naman ƙwaurin hagu. Muka ɗauka abin mako biyu ne. Ashe akwai ciwon suga a jikinsa, ba wanda ya sani. Ciwo ya ƙi rufewa, ya zama gyambo mai faɗin tafin hannu, yana ruwa yana wari. Wata takwas mutumin da bai iya zama ba yana zaune a tsakar gida, ƙafa a kan kujera ’yar tsugunno, yana korar ƙuda da mafici. Ya rame. Na sha ganin Yaya ta wanke masa ciwon tana yi masa hira, ta zaga bayan ɗaki da kwanon ruwan ta daɗe ba ta fito ba.

Addu'a kam yana yi, sai dai ya koma ba Allah wa'adi. Da farko cewa yake, "Ubangiji, kafin Kirsimeti dai." Kirsimeti ta zo ta wuce, ya ɗaga zuwa Ista. Ista ta wuce, ya ce to, kafin ruwa ya zauna, tunda Ubangiji ma ya san lokacin aure ne kuma anguna ɗari huɗu na jira a lambu.

Na ce, "Mai lambu, ina ledar? Ba ka ce kada a leƙa ba?"

Ya ce, "Ladi, ƙafarki ce?"

Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ƙarshe aka kwantar da shi a asibiti. Likitar da ta karɓe shi, Dakta Nusaiba, yarinya ce ’yar firit mai tabarau, sa'ar ’yarsu ta fari, Tabita. Ta zauna a bakin gado ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Za su yanko fata siririya daga cinyarsa, su shimfiɗa a kan ciwon, su ɗaure, kwana bakwai ba a taɓawa. In ta kama, ƙafa ta tsira. In ta ƙi, har ruɓar ta kai ƙashi, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa. Ta tsaya tana laluben sunan aikin da Hausa, tana ta juya biro.

Habila, wanda ya yi kwanaki bai yi murmushi ba, ya gyara zama.

"’Yata, ai aure kike nufi."

"Aure kuma, Baba?"

"Ki ɗauko amarya daga cinya ki kai ta ɗakin ƙwauri. Sana'ata ce. Ashe ke ma mai lambu ce, farar riga kawai kika fi ni."

Ya karanta mata aikin mangwaro daga farko har ƙarshe, tana dariya tana cewa wallahi haka yake, ba bambanci. Kafin magariba duk ɗakin maza ya ji cewa za a ɗaura wa ƙafar gado na shida aure. Ma'aikatan jinya suna wucewa suna tambayar ina goro. Da likita ta ja masa kunne kan kada ya taɓa ɗaurin, har haushi ya ji. Ya ce shi za a koya wa wannan?

Aka yi aiki lafiya. Kwana ɗaya, biyu, uku. A rana ta huɗu da azahar Yaya ta fita sayo masa ƙosai, ɗaki ya yi tsit, kowa na gyangyaɗi. Wurin na yi masa ƙaiƙayi, zuciya na ce masa ƙwararre ai ba kamar kowa ba ne, kallo ɗaya zai yi ya gane. Ya warware bandejin. Ya ga fatar ta yi wani duhu-duhu, hankalinsa ya tashi, ya sa farce ya ɗaga gefenta don ya ga ko ta kama daga ciki. Sannan ya mayar ya naɗe.

Da ya naɗe yadda ya tarar, wataƙila da ba a gane ba sai daga baya. Amma hannu ya riga ya saba. Ya yi naɗin mangwaro, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na ƙasansa, ya soke bakin a ciki ba ƙulli. Washegari Dakta Nusaiba ta tsaya a kan ƙafar ta daɗe tana kallo.

"Baba, a asibitin nan kaf ba mu da mai naɗi mai kyau haka."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka leƙa amarya?"

Ya sunkuyar da kai kamar ɗan firamare. Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar likitar sai dariyar ta koma. Ranar buɗar kai fatar ta fito baƙa, ta saɓule gaba ɗaya.

Kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Ko da ’yan zumuntar mata na ikilisiya suka zo da tulunsu na kiɗa da waƙoƙinsu, bango ya juya wa fuska. Ni kuwa haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi. Dakta ta ce za a jira mako uku ciwon ya yi tsabta a sake gwadawa, kuma wannan ne na ƙarshe, don ƙashin ya kusa.

A gado na bakwai akwai wani Malam Datti, direban babbar mota ɗan Zamfara, wanda aka riga aka yanke wa ƙafar dama. Mutum ne mai barkwanci, kullum carbi a hannu. Shi ya fara tsokanarsa.

"Maƙwabci, in an yanke taka ta hagu, sai mu riƙa sayen takalmi ƙafa ɗaya mu raba. Lamba nawa kake sawa?"

Habila bai san sanda dariya ta kuɓuce masa ba, daga dariyar kuma sai hawaye. Da yamma ina ba shi shayi ya ce da ni, a hankali, "Ladi, shekara talatin ina ce wa mutane su jira, ashe ban taɓa jira ba. Ni ke riƙe da wuƙar, na san ranar kwancewa, wane haƙuri na yi? Ɗan mangwaron ne mai haƙuri. An sare masa kai, an tsaga shi, ba wanda ya gaya masa dalili."

Na ce, "To yanzu ka gane dalilin naka?"

"Ban gane ba. Ga Malam Datti ma, ai bai fi ni laifi ba. Abu ɗaya na tuna: ban taɓa tsaga itace na tashi na bar shi a buɗe ba. Hannun da ya tsaga shi ke ɗaurewa. In ni mai lambun bakin titi na san wannan, balle Yesu, wanda aka huda nasa hannun."

Daga ranar addu'arsa ta canza, kuma na ji ta da kunnena. Ba Kirsimeti, ba Ista. Cewa yake, "Ubangiji, da ƙafa biyu naka ne ni, da ɗaya ma naka ne. Na fi son biyun, ba zan ɓoye maka ba. Amma ranar taka ce." Ba zan ce tsoro ya bar shi ba. Akwai safiyar da na same shi yana shafa yatsun ƙafar ɗaya bayan ɗaya kamar mai sallama.

Da aka sake aikin, shi da kansa ya ce a sa masa safa a hannu biyu, irin yadda ake yi wa jariri don kada ya yagi fuska. Ya ce ya yarda da Allah, kansa ne bai yarda da shi ba. Haka dattijon ikilisiya ya yi kwana bakwai da safar makarantar ɗana a hannu, Yaya na ba shi tuwo a baki, Malam Datti na gadinsa in ta fita. In ƙaiƙayi ya taso sai ya kama waƙar sujada da muryarsa mai kama da ta tsohuwar ƙofa, ɗaki duka ya gane cewa amarya na motsi.

Duk tsawon wannan lokaci Yaya Kande ce ginshiƙi. Ita ke cewa, "Baban Tabita, da ƙafarka za ka koma lambu." Ko sau ɗaya ban ji ta ce "in an yanke" ba. Har na riƙa jin kunyar kaina, ina ganin bangaskiyata ba ta kai rabin tata ba.

Ranar buɗar kai Habila ya sa aka kawo masa wankakkiyar riga. Dakta Nusaiba ta zo da almakashi, aka ja labule, ni da Yaya muna tsaye ta wajen kansa. Ta fara warwarewa, zagaye bayan zagaye. Shi kuwa ya kafe silin da ido, hannuwansa cikin safa a kan ƙirji, leɓensa na motsi. Ta ɗaga audugar ƙarshe. Ta matso da fuska, ta danna gefe da ɗan yatsa, ta sake dannawa.

"Baba, ba za ka duba ba?"

"Sai kin ce."

"To na ce. Amarya ta zauna."

Ya ɗago ya duba. Fatar ta yi ja-ja, ta manne, sai ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa a gefe da likita ta ce zai cike da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na gode, Ubangiji," ya koma ya kwanta. Ta bayan labule Malam Datti ya ce alhamdu lillahi, amma shi an cuce shi, ya rasa abokin raba takalmi.

Sai na nemi Yaya na rasa. Ashe ƙasa ta zauna, a kan siminti, ta jawo jakarta. Ta ciro wata baƙar leda ta kwance: takalminsa na zuwa sujada ne, na ƙafar dama, an goge shi yana ƙyalli. Ta ajiye. Sannan ta fitar da filas, ta fitar da kwanuka, ta fitar da zane, ta kai hannu can ƙasan jakar ta ciro wata ledar dabam, an ƙulle ta ƙulli biyu. Ta kasa kwancewa, sai da na tsuguna na taya ta. Na hagun ne, na ƙafar ciwon.

Dakta ta ce, "Mama, ai da sauran wata guda kafin ya sa takalmi."

Yaya ta ce, "Na sani, ’yata."

Ban tambaye ta me ya sa ta raba su leda biyu ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dai miƙo hannu, da safar da komai, ya dafa kanta. Ta goge na hagun da bakin zanenta, ta jera su biyun a ƙarƙashin gado.