Wuƙar Baba Ɗanjuma da Ba a Taɓa Sacewa Ba

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka kai abokina Isiyaku Tela makwancinsa. Jikata ce ta tayar mini da shi a wannan makon. Na same ta a tsakar gida da ƙawayenta na jami'a sun kewaye tebur suna jefa wani ɗan lido mai fuska barkatai, wannan ta ce ita mayaƙiya ce, waccan ta ce ita matsafiya ce. Wai sabon wasa ne daga Turai, ba zan gane ba. Na ce mata, yarinya, tun uwarki ba ta zo duniya ba muke wannan a unguwar Briqueterie ta Yawunde, a kan teburin yanka yadi.

Zamanin Shugaba Ahidjo na Kamaru ne. Ni ina jan tasi tsakanin unguwannin Mokolo da Elig-Edzoa, shi Isiyaku yana da shagon ɗinki a bakin layinmu. In ruwan Yawunde ya tsare mu bayan azahar, sai ya ture yadi gefe, ya zazzage 'yan ƙwayoyin wuri. Kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari ya zama shi. In ka ce za ka tsallake kogi ko ka yaudari aljani, sai ka jefa wuri: baki sama ka yi nasara, baki ƙasa ka sha kashi. Ni kullum maharbi nake ɗauka, kuma ban taɓa harbin komai na samu ba.

Isiyaku ba ya buɗe labari da dodo. Da sata yake buɗewa, kuma ba satar zinariya ba, don a cewarsa zinariya ba ta hana kowa barci sai mai ita. Shi sai a sace igiyar guga a garin da rijiya ɗaya ce, ko a ɗauke muryar ladan a toshe cikin gora. Abin da yake fara tambayarmu shi ne wa zai shiga uku in ba a samo abin ba kafin rana ta faɗi. Sannan ya ba ɓarawon dalilin da zai sa hannunka ya yi nauyi in ka kama shi. Daga nan labari shi ke jan kansa. Har yau ina da yaƙinin ba a yi wanda ya kai shi wannan ba. Aibinsa guda: yana son ɗauko kayan mutanen unguwa na gaske ya jefa cikin labari, wai sun fi ɗanɗano.

A haka ya ɗauko wuƙar Baba Ɗanjuma, wani tsohon mahauci da ya gaje ta a wurin mahaifinsa, kowa ya san ta. A labari, ita kaɗai ke iya yanke igiyar da aljanu suka ɗaure wata tsohuwa da ita, sai ɗan tsohuwar ya sace ta. Wuri ya faɗa kan Haladu, shi ne ɗan. Haladu baduku ne, bai daɗe da zuwa daga wajen Katsina ba, yana zaune a gidan Alhaji Mamuda, maigidan da ke saukar da baƙi yana tsaya musu. Mutum ne mai kunya, Isiyaku ne ma ya jawo shi cikinmu don ya ga ba shi da abokin hira. Ranar kuwa labari ya shige shi. Ya miƙe tsaye a bakin shago, ya buga ƙirji ya ce, "Ni na ɗauke wuƙar Baba Ɗanjuma, kuma wallahi ba zan mayar ba!" Muka yi ta tafi, ba mu kula da masu fakewa ruwa a ƙarƙashin rumfa ba.

Washegari a cikin tasina na ji labarin. Wata fasinja da na ɗauko a Mokolo ta ba ni shi tiryan-tiryan, har da inda Haladu ya ɓoye wuƙar. Baba Ɗanjuma ya zaro wuƙarsa ya nuna wa jama'a, aka ce ai tsoro ne ya sa yaron ya mayar. Alhaji Mamuda ya ce wa Haladu ya tattara kayansa kafin Juma'a. Wanda bai san lokacin ba ba zai gane nauyin wannan ba. Baƙon da ba shi da maigida, ba wanda zai ba shi ɗaki ko ya ba shi fata ya ɗinka, kuma ranar da 'yan sanda suka zo kamen marasa takardu ba mai zuwa ya ce nawa ne.

Isiyaku ya je ya yi wa Alhaji bayani. Alhaji ya ce, "Malam Isiyaku, kana so in yarda magidanta masu gemu suna zama su yi tatsuniya da rana tsaka?" A nan gizo ke saƙar, domin wasan a ɓoye muke yin sa. Wuri a hannun babba, a idon unguwa, ko caca ne ko duba. Isiyaku kuwa ɗan sahun gaba ne, alhazai yake wa ɗinki. Ya dawo shago ya ce mana, "To, ku kama teburin nan."

Bayan la'asar muka dire shi a ƙofar gidan Alhaji, unguwa ta taru. Isiyaku ya zazzage wurinsa a gaban kowa, ya ɗauko labarin daga inda aka tsaya. Haladu ya koma matsayinsa na ɗan tsohuwa. Aka zo inda maharbi, wato ni, ya ritsa shi a bakin kogon aljanu: ko ya miƙa wuƙa a yafe masa, ko ya shiga ya ceci uwarsa a kira shi ɓarawo har abada. Haladu ya tsaya yana jinkiri. Sai muka ji Alhaji daga kan kujerarsa ya daka tsawa, "Kai, fara yanke igiyar mana, ka mayar daga baya!" Dariya ta ɓarke. Alhaji ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce wa Haladu ya mayar da kayansa ɗaki.

Isiyaku ya biya kuɗin wannan rana da mutuncinsa. Wasu alhazai suka kwashe yadinsu, aka yi masa nasiha a masallaci, bai ko girgiza ba. Abin da ya ci masa rai shi ne sunan da ya manne wa Haladu. Haladu ya yi aure, ya buɗe shago, gemunsa ya yi fari, amma in za a bambanta shi da wani Haladun sai a ce na wuƙa. Waɗanda aka haifa daga baya ba su san teburin ba, sunan kawai suka tarar. Isiyaku bai sake sa kayan mai rai a labari ba.

Da yana nan yau, na san zai ja kujera a teburin jikata, ya yi musu tsiya don ɓarayinsu zinariya kawai suke sata. Wayoyin hannunsu ne za su ba shi tsoro, inda magana ke zaga gari kafin mai ita ya rufe baki, ga shi ba teburin da za a iya kai wa kowace ƙofa.

Shagon yanzu wani ke sayar da kayan waya a ciki, wasan kuma ya bi mu tsufa. Abin da ya rage shi ne abin da Isiyaku ya yi a ciwonsa na ƙarshe. A wurinmu ba a ba kowa wankan gawa sai amintacce, wanda aka yarda da hannunsa da bakinsa. Isiyaku yana da 'yan'uwa, yana da malamai abokai. Ya tara 'ya'yansa ya ce Haladu ne zai wanke shi, kuma a faɗa da ƙarfi a ƙofar gida. Ranar da ya rasu, babban ɗansa ya fito gaban jama'a ya ce, "Ina Malam Haladu? Baba ya ce kai ne." Haladu ya ratsa taro yana kuka, mutane suna buɗe masa hanya. Tun daga ranar ban sake jin wanda ya ce na wuƙa ba.