Baba Rataye da Sandunan Ɗakin Hutun Malamai

Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, Baba Rataye, mai kula da ɗakin hutun malamai, ya riga ya buɗe shi. Zai yaye mayafin teburin sunuka, wasan nan da ake harba ƙwallaye da sanda, ya share koren ƙyallen da burushi, sannan ya sauko da sandunan wasa daga maratayi ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai ya kwantar da ita a tebur ya mirgina ta da tafin hannu. Wadda ta tafi sumul ya goge ta da busasshen tsumma ya mayar. Wadda ta yi ɗingishi kuwa, ranar kowa zai ji a jikinsa.

"Wa ya jingina wannan? Ku fa malamai ne! Abu ɗaya kullum sai an maimaita muku? Rataye! Rataye!"

Daga nan sunan ya samo asali, har na yankan ya ɓace. Dokarsa ba ta da wuya: sanda itace ce, idan aka jingina ta da bango ta kwana, sai ta fara lanƙwasa, kuma wadda ta lanƙwashe ba ta ƙara harba ƙwallo daidai. Shekara da shekaru yana faɗa, mu kuwa da muke sa yara maimaita karatu mun kasa riƙe wannan darasi guda.

Direban makaranta ne shaidar ranar da aka aike su shi da Baba sayen sanda. Mai shago ya fito da masu ƙyalli, waɗanda ake kwancewa gida biyu. Baba ya ture su, ya ce sandar da hannu da yawa za su riƙa sai ɗungurungum, marar gaɓa, don gaɓa ce ke fara yin sako-sako. Ya durƙusa a daɓen shagon yana mirgina su, yana kanne ido yana leƙa tsawonsu, yana latsa fatar bakinsu da farce.

"Baba," in ji mai shago, "sanda za ka saya ko mata za ka aura?"

"Mata ai tana magana in an cuce ta. Wannan sai dai ta karkace."

Da ya zaɓi tasa, direba ya ce a ɗaure ta a saman mota. A rana? Baba ya rungumi abarsa ya tako da ƙafa, yana bin inuwa. Ita ce har yau ta fi duk sauran miƙewa.

Babban ciwon kansa malamin kimiyya ne, wanda kullum da sanda yake tunkuɗa fankar sama in ta ƙi tashi. Ya fasa fatar bakin sanda ba adadi. Baba zai kankare ta, ya manna sabuwa, ya goge gefenta, yana tsaki.

"Ɗana, ga tsintsiya can. Me sandar nan ta yi maka?"

"Tsintsiyar ba ta kai ba, Baba."

"To hankalinka ya kai mana!"

Baba, kai ne mai faɗan da ba ya hana gyara. Kai ne ka koya mana shafa wa bakin sanda alli a hankali maimakon huda shi kamar masu haƙa rijiya. Ba ka taɓa korar kowa daga tebur ba, ko wanda ya fi ɓata maka rai.

Yanzu ido ya yi rauni, lokacin ajiye aiki a huta ya zo. Abin da ke damunsa bai ɓoye ba: idan ya tafi, kafin damina ta fita sandunan sun zama baka. A walimar sallama shugaban makaranta ya miƙa masa tsohuwar sandar nan da ya zaɓo da kansa kyauta. Ya ƙi karɓa.

"Ranka ya daɗe, jikokina doki za su mayar da ita. A bar ta inda take da aiki."

Shugaba ya yi dariya, ya buɗe takardar jawabi, kuma don hannunsa ya samu sarari, ya jingina sandar da bango. Ana cikin yabonsa, fuskar Baba ta haɗe. Ya dafa gwiwa zai miƙe, sai ga malamin kimiyya ya riga shi. Ya ratsa ta gaban shugaba.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ba a jinginawa."

Ya ɗauke sandar ya mirgina ta a tebur, ta tafi sumul, ya goge ta da tsumma ya rataye. Baba ya koma ya zauna. Ya dube shi ya ce, "Ta bakin taga ka rataye ta. Rana za ta doke ta. Matsar."

Mun gode, Baba. Allah ya ba da lafiyar ido, ya sa hutun ya karɓe ka. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka ba amanar kayan jama'a, ya riƙe shi yadda ka riƙe itacen nan. Mai son yi maka godiya ba sai ya zo gida ba. In ya gama wasa, ya rataye.